Goɗiyar da Ta Daina Ƙifta Ido

Yarrawinda, ta hanyar Windorah
12 ga Fabrairu, 1990

Marnie 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mahaifiyarki. Yaya karatu, yaya Brisbane da hayaniyarta? Ni lafiya lau, in ban da ƙugun nan da ya ƙi ni, da kunnen da kullum ƙara toshewa yake. In kin manta ni, Athol Kerrigan ne. Ni da kakarki Beryl 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabona da ke tun ranar jana'izarta, kina 'yar mitsitsiya kina rarrafe bayan karnuka a ƙarƙashin tebur.

An ce bana za ki gama ki zama likitan dabbobi. To ga aiki ya same ki tun ba ki gama ba.

Ina da goɗiya, sunanta Gidgee. Na ce "ina da", amma ta kamfani ce, kamar kowane doki da kowace saniya a gidan kiwon nan. Ni dai na hore ta, ni nake hawanta. Tun da ƙugun nan ya sandare, ita kaɗai ce take tsayawa kamar an dasa ta har in gama jan ƙafata in ɗora, kuma ta dama nake hawa, abin da sauran ba sa yarda. In babu ita babu ni a bayan shanu. Kin ji gaskiyar magana.

Washegarin hadarin da aka yi na same ta a bakin shinge, fuskarta ta zama wata iri. Kunnen hagu ya faɗi. Fatar idon hagu ta saki. Leɓen ƙasa na reto, hancin ya karkace ya koma dama. In ta sha ruwa rabi zuba yake, ciyawa kuma tana taruwa a kumatunta.

Manajanmu, Warren Volkmann, ya leƙo ta saman shinge ya ce, "Ciyawar Birdsville ta ci, mai dafin nan, Athol. Ƙwaƙwalwa ce. Ka san abin da muka yi wa dawakin nan biyu na bara."

Na ce, "Na bara jan kofato suke yi suna tangaɗi. Ka ga wannan tana tangaɗi?"

Ya ce, "Za ta fara."

Na ce, "In ta fara sai ka ɗauko bindigar. Kafin nan ka bar ta a kabad."

Likita mafi kusa sai an yi yini a mota, Warren kuma ya ce ba zai taso mutum saboda tsohuwar goɗiya ba. Waya tana ofishinsa, ni kuma da kunnen nan ba zan ji abin da ake faɗa a ciki ba. Saboda haka ki rubuto. Jirgin wasiƙu na sauka ran Juma'a. Kada ki lallashe ni, ki gaya mini abin da zan duba.

Kawunki,
Athol

*

Brisbane
20 ga Fabrairu

Kawu Athol,

Na gaishe ka. Mama na gaishe ka, ta ce har yau tana jin haushin kuɓewar da ka yi daga bikinta ka tafi kamun shanu. Muna lafiya. Ƙugun nan ka nuna wa likita in jirgin saman da ke kawo su ya zo, ko da yake na san da bango nake magana.

Tun farko ka sani, ni ɗaliba ce, kuma ba a gane cuta ta takarda. Amma kai za ka zama hannuna da idona. Akwai jijiyoyin da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kowace da aikinta: ta gani, ta motsa fuska, ta jin taɓi, ta haɗiya, ta harshe. In guda ɗaya ce ta lalace, yawanci a hanya ta samu rauni, bayan ta baro ƙoƙon kai, kuma takan farfaɗo. In da yawa ne suka lalace tare, ƙafafu ma suka shiga, to cikin kai ne. Abin da za mu bambance ke nan.

Ka tsaya gefenta, ka rufe ido ɗaya da tafinka, ka kawo ɗaya hannun da sauri wajen buɗaɗɗen idon kamar za ka mare ta. Kada ka taɓa ta, kada iskar hannunka ta bugi idon. Ka yi wa kowane ɓangare. In ba ta kula da hannun ba ko kaɗan, ba ta gani ke nan, kuma wannan babban abu ne, yana iya nufin ƙwaƙwalwa.

Sannan ka taɓa lungun idon da ɗan yatsa ka ga ko fatar za ta rufe. Ka shigar da ita rumfa mai duhu, ka haska tocila a kowane ido, ka duba ko baƙin tsakiyar zai tsuke. Ka soka kara a hankali cikin kowace ƙofar hanci, ka ga ko ta ji. Ka kamo harshenta ka jawo waje ta kowane gefe, ka ji da wane ƙarfi take mayarwa. Ka ba ta abinci ka sa hannu a maƙogwaro ka ji haɗiya.

Ƙafafu kuma: ka mayar da ita da baya, ka juya ta a ƙaramin da'ira hagu da dama, ka sa wani ya ja ta gaba kai kuma ka ja jelarta gefe, ka ga ko za ta biyo ka ko za ta turje. Ka shafa ƙasan kunnen hagu da bayan muƙamuƙi, ko akwai kumburi.

Ka rubuto mini duk abin da ta yi, har wanda kake ganin shirme ne. Warren ɗin nan kuma ka ce masa ya jira. Doki ba ya lalacewa don an bar shi da rai mako guda.

'Yarka,
Marnie

*

Yarrawinda
1 ga Maris

Likita,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, abinci dai ba ya shiga. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata shanun ne suka fi ta gaggawa.

Na yi duk abin da kika ce. Dulcie mai dafa mana abinci ce ta riƙe mini ragama, tana ta tsiya wai na tsufa na koma ɗan makaranta. Baƙin idon ya tsuke, duka biyun. Kara a hanci, ta ji sarai, har ta fesa mini majina. Harshen kuwa kafin in riƙe da kyau ta fizge abinta, ta kowane gefe. Haɗiya lafiya. Baya, da'ira, jela, duk ba ta yi ko gezau ba, ni ne ma na kusa faɗuwa. Ƙasan kunnen akwai kumburi mai tauri, ba ta son a taɓa.

Sai ido. Na dama, ina kawo hannu ta ƙifta. Na hagu, ko motsi fatar ba ta yi ba. Na sake, na sake. Ta dai fizge kai har ta kusa fasa wa Dulcie hanci, amma ido a buɗe tar. Na taɓa lungun da yatsa, shiru.

Wautar da na yi ita ce na ɗauka takardarki za ta tsaya mini, na kai wa Warren tun ban yi gwajin ba. Ya zo ya tsaya yana kallo. Da ya ga idon bai rufe ba ya sa yatsa a kan layinki ya karanta da ƙarfi don kurma ya ji: "Ba ta gani ke nan, yana iya nufin ƙwaƙwalwa." Ya ce, "Ba ni na faɗa ba, Athol. Jininka ce ta rubuta."

Ashe takardar kisa na aika aka rubuto mini.

Ya ce ya ba ni zuwa Litinin, ko in yi da hannuna ko ya yi da nasa. Ya ce ba mugunta ba ce, makauniyar goɗiya mai ciwon kai za ta kashe ni wata rana a tsakiyar garke, shi kuma zai amsa tambaya. Wai akwai babur, akwai mota, zai ba ni zagayen rijiyoyi. Na ce masa babur ya hau da kansa.

To ki ji, ke da shi da littattafanku. Ba zan harbe ta ba. Dabbar da take gane takuna tun daga bayan rumbu ba ta rasa hankalinta ba, ko me takarda ta ce. An ce ruwa ya sauka sosai a arewa, kogin Cooper na tafe. Akwai tsohuwar bukka a kan tudu a ƙetaren rafuffuka, da tankin ruwan sama. Gobe zan ja ta mu haye kafin ruwan ya iso. Dulcie ta ɗaure mini gari da shayi da naman gishiri, ta ce ita ba ta ga komai ba. In Warren yana son goɗiyar kamfaninsa, ya biyo mu da iyo.

Ba fushi nake da ke ba. To, ina yi kaɗan.

Athol

*

Brisbane
8 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa a tsaye. Allah ya sa kana lafiya, Allah ya sa takardar nan ta same ka.

Ka ɗauko wasiƙata ka sake karantawa. Ina na rubuta "ƙifta"? Cewa na yi in ba ta kula da hannun ba. Kai da bakinka ka ce ta fizge kai ta kusa fasa hancin Dulcie. Me ta gani ta fizge, in ba hannunka ba? Tana gani, Kawu! Fatar idon ce ba za ta iya rufewa ba, don jijiyar da ke ɗaga kunne da leɓe ita ce dai take rufe ido. Guda ɗaya tak ta lalace, kuma ga kumburi daidai inda take bi a ƙasan kunne. Ko wani doki ya harbe ta da ƙafa, ko ta bugi ƙarfe a firgicin tsawa. Duk sauran da ka gwada lafiya suke. Wannan ba ciyawar Birdsville ba ce, kuma ban ga alamar ƙwaƙwalwa ba. Irin wannan yakan ɗauki watanni, wani ya warke sarai, wani ya bar saura.

Abin tsoro yanzu idon ne. Idon da ba ya rufewa bushewa yake, ƙura da ƙudaje su samu wuri, ya yi gyambo. Ga man ido na sa a cikin ƙunshin nan, ka riƙa sa mata safe, rana da yamma, ka rufe fatar da yatsanka ka murza a hankali. Ka yi mata mayafin ƙuda. Ka riƙa cire ciyawar da ke maƙalewa a kumatu.

Na kai wasiƙarka wurin wani malaminmu don ya tabbatar mini. Ya karanta, ya ce fahimtata daidai ce, sannan ya cire tabarau ya ce wanda ba shi da lasisi ba ya ba da shawara kan dabbar da bai taɓa gani ba, in wani abu ya faru zai iya shafar kammalawata. Na ce masa, "Malam, to wa zai je? Ka ba ni sunan likitan da zai haye Cooper gobe, in ajiye biro." Bai ba ni ba. Man idon ma shi ya sa hannu aka ba ni, yana ɓata rai.

Na rubuta wa Warren ɗin naka dabam, da manyan baƙaƙe, tunda ya iya karatu da ƙarfi.

Marnie

*

Brisbane
29 ga Maris

Kawu Athol,

Ina gaisuwa. Mu lafiya, amma hankalinmu ba a kwance yake ba. Shiru har yau. A labarai sun nuna ƙasarku daga sama, ruwa ne ja iya ganin ido, shanu cunkushe a kan tudu. Na buga waya ofishinku, layin ya mutu. Mama ta ce tsohon taurin kai irinka ruwa ba ya cin sa, ta faɗa tana share ido.

In fushi ne ya hana ka rubutu, ka rubuto fushin. In kuwa ka yi abin da ka rantse ba za ka yi ba saboda layi ɗaya nawa, ka gaya mini a fili. Zan iya ɗauka. Shirun nan ne ba zan iya ba.

Marnie

*

Bukkar tudu, Yarrawinda
22 ga Afrilu

Marnie 'yata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina raye, Gidgee na raye. Na rame, ƙugun ya ji sanyi, sauro ya ci rabonsa. Ki ce wa mahaifiyarki ta adana hawayenta, za a buƙace su wata rana amma ba bana ba.

Ruwan ya rufe mu kwana biyu da hayewarmu, tudun ya zama tsibiri. Filin saukar jirgi a gida ya nutse, wasiƙunki suka yi ta zama a Windorah. Ni ban san komai ba. A zatona makauniya nake jinya, mai jiran haukacewa. Kullum da safe sai in tsaya gabanta in kawo hannu, ta kawar da kai, ido a buɗe, in ce to, yau ma haka. Ban taɓa tambayar kaina me take kawar wa kai ba. Kin yi gaskiya, ba ki rubuta "ƙifta" ba. Amma ke ma in za ki rubuta wa tsoho, ki rubuta yadda tsoho zai gane, ba yadda malaminki zai ba ki maki ba.

Ƙudaje kam ban jira takarda ba. Na yanka rigata na yi mata mayafi, ina wanke idon da ruwan tanki da ɗan gishiri. Bai isa ba. Ya fara hawaye, ya yi ja, sannan wani farin tabo ya fito a tsakiya yana faɗaɗa.

Ranar da garina ya kusa ƙarewa na ji ƙarar ƙaramin jirgin kamfani. Ya zagayo ƙasa-ƙasa har na hango hular Warren. Na ja Gidgee bayan bukka na tsaya a gabanta, na ce in daga sama zai yi, sai dai ya haɗa da ni. Sai ga buhu ya faɗo cikin laka. Gari, shayi, taba, ƙunshinki da wasiƙunki. A jikin buhun ya rubuta da gawayi: "Yarinyar ta zage ni tas. Sa mata man. Ka ci bashin bayani, tsohon ɓarawon doki."

Na zauna a kan gungume na karanta taki ta takwas ga Maris. Na tashi na je na kawo hannu wajen idon hagu, a hankali wannan karon, ina kallon ita kanta ba fatar ba. Ƙwayar idon ta ja ciki, kan ya kauce. Duk da farin tabon, ta gefe tana hango ni. Ban san lokacin da na rungume wuyanta ba. Ta taka mini ƙafa.

Ina sa man yadda kika ce. Jan ya ragu, tabon bai tafi ba. Da ya iso da wuri da wataƙila ba haka ba, amma wannan tsakanina da kogi ne, kada ki ɗora wa kanki. Kumburin ya sace. Shekaranjiya kuma ina buɗe gwangwanin madara a bayanta, sai na ga kunnen hagu ya yi rawa, ya ɗan juyo wajen ƙarar. Kaɗan ne. Na sake buga gwangwanin har madarar ta zube, ya sake juyowa.

Wani yaron shanu zai zo da kwalekwale ya karɓi wannan. Ruwa ya fara ja.

Kawunki,
Athol

*

Brisbane
3 ga Mayu

Kawu,

Na gaishe ka, na gaishe da Gidgee. Muna lafiya yanzu da muka ji ka. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin gidan waya, mutane na ratsa ni.

Kunnen da ya motsa, jijiyar ce take dawowa. Kada ka daina man sai fatar ta rufe da kanta in ka taɓa lungun. Tabon kuwa dole likita ya gani da idonsa, wannan ya fi ƙarfin takarda. Na ji likitan gwamnati zai zagayo gwajin tarin fuka na shanu in hanya ta bushe. Ka tare shi, ko ya so ko bai so ba.

Na karɓi laifin rubutu irin na makaranta. Na ƙi karɓar na karatu irin naka. Mu raba.

Malamin nan ya tambaye ni labarin goɗiyar a gaban aji. Na ce kunne ya motsa. Ya ce, "Har yanzu ba daidai kika yi ba." Na ce na sani, kuma gobe ma zan sake.

Marnie

*

Yarrawinda
17 ga Yuni

Likita Marnie,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mahaifiyarki. Ina lafiya, na mayar da naman da na zubar, Dulcie ta ɗauki abin kamar yaƙi. Wannan ce wasiƙata ta ƙarshe daga adireshin nan.

Likitan gwamnati ya zo. Na tare shi a bakin shingen shanu, ya yi duk abin da kika sa ni, tocila, kara, harshe, jela, sai dai shi ba a fesa masa majina ba. Ya ce jijiyar fuska ce kaɗai kuma tana warkewa. Fatar idon ta fara rufewa, kunnen ya miƙe, leɓen dai har yanzu da ɗan saki, kamar tana raina kowa. Tabon ya ce ya zauna ke nan, gabanta ta hagu dishi-dishi za ta riƙa gani.

Warren ya kira ni ofis. Ya ce maganar kai ni wurin 'yan sanda kan satar doki ya bar ta, maganar bindiga ma. Amma doki mai ido ɗaya da rabi ba zai shiga garken kamfani ba, dokarsu ce, ba zai karya ba. A sake ta a daji ta ƙarasa kwananta, ni kuma ga makullin mota, zagayen rijiyoyi. Ya turo makullin kan tebur. Na ce zan ba shi amsa da safe.

Da safe duk mahaya sun taru za a fita kamun shanu. Na ɗaura mata sirdi a gabansu. Rabona da hawanta tun Fabrairu, ban san ko za ta yarda ba, ƙuguna kuma ya ƙara sandarewa. Na zagaya ta dama na sa ƙafa a likkafa. Na daɗe ina ja, har wani ya matso zai tallafe ni, Dulcie ta daka masa tsawa daga ƙofar kicin. Gidgee ba ta ɗaga ko kofato ba sai da na zauna.

Na taka da ita har gaban Warren na miƙa masa makullinsa daga sama. Na ce masa Hazel Doolan, maƙwabciyarmu ta kudu, tana neman mai duba mata shinge da ruwa a ƙasar da mota ba ta shiga, kuma ba ta tambaye ni idon dokina nawa ba. Na ce, "Na bar aiki, Warren. Saura maganar goɗiyar kamfani. In za ka kira 'yan sanda, ka ce musu ta hanyar kudu na bi, kuma ba sauri zan yi ba."

Ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Goɗiyar kamfani tun Maris na gaya wa ofishin kamfani a Brisbane na harbe ta. Wannan da kake kai ban san ta ba. Ka fitar mini da ita daga fili, tana cin ciyawar mutane."

Yaran suka fashe da ihu. Ban juya ba, don fuskata ba ta kallo ba ce a lokacin.

Da kin gama jarrabawa ki zo. Hazel na da ɗaki, tana kuma da wani tsohon kare mai karkata kai da take so a duba. Ki zo ki ga goɗiyar nan da idonki, ki taɓa ta da hannunki, don malaminki ya samu barci. Jirgi na sauka wurin Hazel ran Talata. Za ki same mu a bakin filin, ni da ita.

Kawunki,
Athol Kerrigan